Ranar da Na Yi wa Disket Yankan Kunne

Ba zan taɓa mantawa da wannan Talatar ba, wallahi ko na tsufa haƙorana sun zube! Har yanzu in na tuna sai zuciyata ta tafasa, kuma ban ma san da wa nake fushi ba, da Shef ɗinmu, da wani Bature, ko da ni kaina. (Da ni ne. Amma ku bari in gama tukuna.)

Lokacin ina aiki a biro, wato ofis, na wani proje a Tanut, wanda aka buɗe bayan farin da ya cinye dabbobin Damargu, don a raba wa makiyaya awaki su sake kafa garke. Buga takardu a keken rubutu aka ɗauke ni. Sai ga ordinatar an kawo daga Yamai, na'urar nan mai ƙwaƙwalwa. Kowa a biro tsoronta yake ji, ni kuwa kamar an yi mini asiri. Ba wanda ya koya mini komai, littafinta na Faransanci na bi shafi-shafi har bangonsa ya cire. Da Shef ɗinmu, shugaban biron, Mushe Mamman a faɗar Faransawa, ya gaji da nacina, sai ya ba ni mabuɗin ɗakinta. Na ɗaura shi a wuya da igiyar fata, kuma in zan shiga kasuwa saman riga nake fito da shi. Ni ne mai ordinatar. Duk abin da nake da shi a duniya ke nan.

Baturen da ya kafa na'urar, da zai koma ƙasarsu, ya bar mana kwali guda cike da disket, faifan nan baƙi mai laushi, faɗinsa kamar tafin hannu. Ya ce ƙananan logisiyel ne, wato manhajoji, na kyauta, na kula da lafiyar na'ura, masu su sun yarda kowa ya kwafa ya ba wani. Iyakar bayaninsa ke nan, ya hau mota. Mutum ya bar maka kaya irin wannan bai ce maka wannan na mene ne ba! Duk a cakuɗe kamar tabarmar ɗan koli, rubutun kansu da Ingilishi, rabin takardun ma zafi ya busar da gam ɗinsu sun zube ƙasan kwali.

To ni ba na iya ganin abu a hargitse in yi barci. Duk sanda aka tada injin wuta sai in zauna ina gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ku ji yadda na kasa su, don wannan kashin har gobe ina alfahari da shi. Masu kwafar abu daga wannan faifai zuwa wancan na kira su ƴan aike. Masu bincika na'ura su gaya maka inda ke ciwo, ƴan duba. Masu share faifai ƙaƙaf, mahauta. Sai guda uku kacal masu dawo da abin da aka share bisa kuskure, su ne likitoci. Akwai wani ɗaya da yake kwafa kuma yake sharewa, kwana biyu ina gardama da kaina a kansa. Daga ƙarshe na kai shi cikin mahauta, don mai wuƙa mai wuƙa ne ko da yana da fara'a.

Saura yadda za a gane su. Na manna takarda, kwana uku ta ɓalle. Na sa alli, ya goge. Alƙalami kuma ba ya fita a kan baƙi. Ina cikin wannan sai na tuna gidanmu a Ollelewa. Awakinmu ba takarda a jikinsu, amma ko sun shiga cikin garke goma a bakin rijiya, babana zai ware nasa ba gardama, saboda yankan kunne. Na duba disket ɗin, ai kuwa kowanne akwai ɗan gurbi da aka riga aka yanke masa a gefe! Na ce ashe Turawa ma sun san abin, ba su dai ƙarasa ba ne. Na je na ari almakashi wajen tela.

Ƴan aike na gutsure musu kusurwa biyu, ƴan duba uku. Mahauta ban ma so in riƙe su da yawa ba, kusurwa ɗaya na ɗan gutsure na ajiye. Amma likitoci, manyan baƙi, su na ba shaidar gidanmu: tsaga doguwa, mai zurfi, a tsakiyar gefe, irin wadda ake yi wa akuyar da ba za a taɓa sayarwa ba.

Maigadinmu, Baba Agali, tsohon Buzu da fari ya raba da raƙumansa, yana zaune yana dafa shayi yana kallona.

"Ɗana, mene ne laifinsu?"

"Baba, wannan ilimi ne."

"To, Allah ya ƙara."

A wannan makon gazuwal, man dizal, ya ƙare, injin wuta bai tashi ba, don haka ban gwada ko ɗaya ba bayan yankan. (Gaskiya ko da akwai wuta ba zan gwada ba. Wa ke gwada abin da ya yi kyau haka?)

Ranar Talata babban Daraktan proje ya iso daga Damagaram da durom ɗin gazuwal a bayan mota. A waje, ƙarƙashin bishiya, ardo-ardo da dattawa daga Tenhya da Belbeji sun zauna suna jiran a buga musu sunayen gidajen da za su karɓi awaki. Wata uku ma'aikatanmu suka yi suna yawon ruga-ruga suna rubuta sunayen nan, ni kuma na shigar da su na'ura da yatsuna. Na zauna zan buga, sai Shef ya dafa kafaɗata.

"Tashi, yau ni zan yi."

Mutumin da ko kunna ta bai iya ba! Don dai Darakta ya gani. Ya zauna yana danna harafi da yatsa ɗaya kamar kaza na tsattsagar hatsi. Na ga abin da yake rubutawa, na ce, "Shef, ba wannan ba ne." Ya ce, "Kai, yi mini shiru, ni ɗanka ne?" Ya danna. Sunaye suka tafi. Duka.

Gumi ya keto wa Shef har ƙasan haɓa. To a nan ne fa, da ina da hankali, da na koma gefe na naɗe hannu na bar shi da Daraktansa. Amma ina! Sai na yi tsalle na ce, "Ranka ya daɗe, a kwantar da hankali, ina da likita!"

Kuma ban tsaya nan ba. Na jawo kwalina na baje a kan tebur, na shiga yi wa Darakta lacca. Ga ƴan aike, ga ƴan duba, ga mahauta, ga dalilin da ya sa wancan mai fuska biyu yake cikin mahauta. Har Baba Agali da wani Ardo sun leƙo ta taga suna saurare. Darakta yana gyaɗa kai, ya ce, "Kai ka tsara wannan da kanka?" Na ce, "Ni kaɗai, ranka ya daɗe, ba malami." Na ɗago likita na farko sama don kowa ya gani, na zura shi.

Ƙurrr. Ƙat-ƙat-ƙat. Na'ura ta ce ba ta iya karantawa.

Na ce ƙura ce, na hura, na sa na biyu. Ƙat-ƙat-ƙat. Na uku kuwa da ya shiga sai ya maƙale, da ƙyar na zaro shi, wani baƙin zare na biye da shi. Darakta ya miƙa hannu ya karɓa, ya ɗaga shi saitin taga. Rana ta leƙo ta cikin tsagar nan tawa, tas. Ashe cikin wannan baƙar riga akwai wani faifai zagayayye, shi ne ainihin abin. A kusurwa babu komai, fanko ne, amma a tsakiyar gefe yana nan dab da baki. Na tsarge likitoci uku har cikin hanji.

"Wa ya yanka wannan?"

"Shaida ce, ranka ya daɗe."

"Shaidar me?"

"Ta... ta gidanmu."

Ardon nan na taga ya karɓa ya jujjuya, ya ce, "Wallahi yankan ya yi kyau. Na mutanen Ollelewa ne, na san shi." Baba Agali ya ce, "Yanka dai ya yi kyau, Ardo, akuyar ce ta mutu." Dariya ta tashi daga taga ta bi har ƙarƙashin bishiya.

Kun san abin da ya fi ƙona mini rai? Darakta ya ce a gwada sauran. Mahauta, waɗanda na ɗan taɓa a kusurwa, duk lafiyarsu ƙalau, garas! Da a ce sharewa ake nema, da na zama gwarzo.

Sai ga Shef ya sami murya. Ya miƙe yana karkaɗa yatsa: "Ranka ya daɗe, ka ga irin abin da nake fama da shi. Yaron nan ya lalata kayan proje." Shi da ya share aikin wata uku da yatsansa! Ba wanda ya ƙara tada zancen sharewa, zance ya koma kan almakashi. A gaban kowa ya ce in cire mabuɗin. Igiyar ta ƙi kwancewa, sai da na sunkuyar da kai ya zare ta da kansa kamar ana kwance wa jaki akala.

Dattawa suka koma hannu rabbana, aka ce su dawo bayan mako biyu. Ni kuma aka tura mini buhu huɗu na takardun ma'aikata, aka mai da ni kan keken rubutu, na sake buga sunayen nan ɗaya bayan ɗaya. Kowane suna na buga sai na tuna gida ne guda da ke jiran akuya saboda ni da Shef. Wannan kam ban yi wa kowa fushi ba, kunya ce zalla.

Abin da na koya biyu ne. In ka gama tsara abu, gwada shi kai kaɗai kafin ka tara jama'a. Sannan in babba ya faɗa rijiya, ka tabbata igiyarka na da ƙwari kafin ka yi ihun kana da ita, don in ta tsinke, kai za a tambaya wa ya haƙa rijiyar.

Kashin nan nawa kuwa, ƴan aike da ƴan duba da mahauta da likitoci, an ce har yau da shi ake amfani a biron, kuma Shef na cewa shi ya ƙirƙiro. Ku fa? Akwai wanda ya taɓa gyara abu har ya kashe shi a gaban mutane? Don Allah ku ba ni labari, kada ya zama ni kaɗai ne a Damargu.