Yadda Ake Samo Farin Furen Heda Ko Kaka Morag Na Kallo

Ɗan'uwa, bi matakan nan shida, na yi maka alkawari kafin furen heda ya bushe a tsaunukanmu na Sikotland an sa maka rana. Ni Murdo na gwada, ga zobe a yatsana.

1. San abin da ke gabanka

Agusta ta kama, heda ya rine tsaunuka shunayya har iya ganinka. A ciki akwai fari jefi-jefi, shi ne mai kawo sa'a. Kakar budurwata Ishbel, wato Kaka Morag, ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, marigayi da farin heda ya zo neman aurena. Ka samo da hannunka, ko ka nemi jikar wata."

Saura sati uku fure ya ƙare. Ka yi murmushi ka ce, "An gama, Kaka." Kuka kuwa a mota ake yin sa.

2. Yi nema na gaskiya, na wuni ɗaya

Sa takalmin roba ka shiga gandun heda. Ƙananan ƙudajen nan masu cizo za su yi walima a wuyanka. Duk farin da ka hango ka ruga, gashin tunkiya ne. Ni na tara wanda zai isa a saƙa safa. Da la'asar koma gida, ka fita haƙƙin al'ada.

3. Kada ka saya a shago

Mai shagon furanni ƙawar Kaka ce, benci ɗaya suke zama a coci. Kafin ka karɓi canji labari ya riga ka gida.

4. Taimaka wa sa'a

Tsinko reshen shunayya guda lokacin da mai gadin gandu ya juya baya. Jiƙa alli, ka bi shi da buroshin haƙori fure bayan fure. Wannan ba ha'inci ba ne, masana na kiransa gaggauta sa'a. Masanan ni ne. Sai ka soke shi cikin 'yan'uwansa kusa da dutsen da Kaka ke son hutawa, don ta gani da idonta.

5. Duba sama kafin ka fita

Wannan matakin ni na tsallake shi.

6. Durƙusa

Ranar Lahadi muka hau, ni da Ishbel, Kaka na biye da sanda da fulas ɗin shayi. Muna isa dutsen na daka tsalle: "Kai! Me nake gani haka?" Na zaro reshen, na zube da gwiwa ɗaya. Sai ruwa ya ɓarke. Farin ya bi yatsuna ya gangara cikin hannun riga.

Ishbel ta ce, "Murdo, furenka na zuba."

Na ce, "Sabon iri ne."

Ta riƙe ciki tana dariya. Ni kuwa na sakankance na rasa ta, har idona ya ciko.

Sai Kaka ta daka min tsawa: "Ɗaga gwiwarka, sakarai!"

Na ɗaga. Ga farin heda na gaske a ƙasa, na murƙushe shi lilis.

"Shekara hamsin ina zuwa gaida wannan tushen! Nan marigayi ya tsinko nawa!"

Ishbel ta share hawayen dariya ta ce, "Kaka, ai ya samo."

"Da hannu na ce!"

"Hannu da gwiwa ba jiki ɗaya ba ne? Tashi, Murdo, na yarda."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin cizon ƙuda, mura, ko rigar da alli ya ɓata. Babu ruwansa in dangin matarka suka raɗa maka Mai Gwiwa, har 'ya'yanka su ɗauka sunanka ne na yanka. Tushen dai ya sake tohowa, kuma duk Agusta muna hawa gaishe shi. Kada ka tambaye ni yadda yake, don shekara bakwai ke nan Kaka na tsayar da ni taku goma daga nesa, a tsaye, da fulas a hannu.