Yadda Na Yi wa Kwarkwasa Bikin Ista

A shekarun alif ɗari tara da saba'in, ina koyarwa a Godogodo, matan zumunta na cocinmu suka ba ni kiwon zomayen da za su yanka ranar Ista, don na cika baki cewa na san dabbobi. Zafi ya tsananta, zomaye suka kwanta suna haki.

Ƙafafun kejin suna cikin gwangwanayen baƙin mai don kada ƙwari su hau. Na ce wane ƙwaro zai fito a wannan zafi? Na sauke kejin bayan makewayi, inda ruwan wanka ke jiƙa ƙasa.

Matata ta ce, "Baban Ladi, gwangwanayen fa?"

Na ce ta bar masu ilimi su yi aikinsu.

Da safe kejin ya yi baƙi ƙirin da kwarkwasa. Ko ɗaya bai tsira ba, ƙananan ma ƙasusuwa kawai na tarar. Ranar Ista mata suka ci shinkafa ba nama, suna kallona.

Har yau, in kwarkwasa ta ja layi a harabar coci, sai wata ta ɗaga murya: "Malam, baƙinka sun iso. Me ka ajiye musu bana?"