Hoton Shugaba a Ƙofar Ƙarshen Baranda

Duk wanda bai san Shugaban gidauniyar taimakon masu ciwon mantuwa ba, to shi ma a kai shi a duba shi. Bawan Allah ne da aka yi wa baiwar tausayi, musamman in akwai mai ɗaukar hoto a kusa. A bayan idonsa ma'aikata na kiransa Ni-ne, don da ita yake buɗe baki. "Ni ne na kawo motar ɗauko tsofaffi. Ni ne na jawo likitocin jami'a suka fara bincike a nan." Su kuwa masu jinya da ke wanka da ciyarwa da lallashi tun safe, ai ka san su, zaman kashe wando kawai suke yi.

Gidan bene ne. A sama ofishinsa yake, da kujera mai juyi da banɗakinsa shi kaɗai. A ƙasa tsofaffi ke wuni, 'ya'yansu su kawo su da safe su ɗauke su da yamma. Saboda tsabar ƙauna, Ni-ne yakan sauko har matakalar ƙarshe, ya ɗaga musu hannu ya koma.

Abu ɗaya ke ci masa rai, tsofaffin nan ba sa gane shi. Wani tsohon direba ma ya taɓa miƙa masa kofi ya ce ya ƙaro shayi. Ga manyan baƙi na tafe, masu ba da tallafi da likitocin bincike, shi kuma ya riga ya cika musu baki cewa a gidansa, wanda ya manta sunan ɗansa ma ba ya manta Shugaba.

To akwai dabarar da masu jinya ke yi. Tun da rubutu ya daina yi wa yawancin tsofaffin amfani, kowace ƙofa sai a manna mata hoto: faranti a ɗakin cin abinci, gado a ɗakin hutawa. A yi ta nuna musu kullum, har ƙafa ta saba ko da kai ya manta. Da labarin ya kai sama, Ni-ne ya aika aka kira babbar nas.

"Wace ƙofa suka fi zuwa?"

"Ta ƙarshen baranda, ranka ya daɗe, amma..."

"Ba da amma na kafa gidan nan ba. A cire abin da ke jiki a sa hotona, babban nan mai murmushi."

Ita kuwa mai iyali ce, ba ta shirya neman wani aiki ba. Ta cire hoton banɗaki ta liƙa na Shugaba. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa, balle ya taka baranda ya ga inda aka ajiye shi.

Kwanakin farko an sha wuya, wallahi abin ba daɗin gani. Goggo, tsohuwar malamar makaranta, zuwa banɗaki da ƙafarta shi ne kaɗai abin da ya rage tana yi wa kanta. Aka tarar da ita tsaye a baranda tana kuka, ta rasa ƙofa. Masu jinya suka koma riƙe hannu suna maimaitawa: "Goggo, in kin matsu, ki nemi mai murmushin nan." A hankali abin ya zauna, ba ita kaɗai ba, har tsohon direban.

Ranar baƙi, Ni-ne ya sauko har tsakiyar falo, ya sha kwat da turare. Ya yi jawabi har shayin baƙi ya huce. "Kimiyya ta ce waɗannan bayin Allah ba sa riƙe sabon abu. Ni ne zan nuna wa kimiyya iyakarta." Ya sa 'yar Goggo ta kawo uwar gabansa, ya gyara tsayuwa, ya saki murmushin nan.

"Goggo, kin gane fuskar nan?"

Fuskar tsohuwa ta washe. "Na gane mana. Tun ɗazu nake nema."

Tafi ya ɓarke. Ni-ne ya lumshe ido yana jinjina kai. Goggo ta miƙa wa 'yarta jakar hannunta, ta matso a natse, ta ƙwanƙwasa ƙirjinsa sau biyu cikin ladabi.

"Da mutum a ciki?"

Nas ta kama hannunta ta yi baranda da ita, baƙi suka bi su da kallo har ƙofar ƙarshe, inda Shugaba ke murmushi.

Babbar likitar bincike ce ta fara magana, idonta har da ƙwalla don murna. Ta ce shekara da shekaru suna gwada hotuna iri-iri, ba su taɓa samun wanda tsofaffi suka riƙe haka ba. Ta roƙi Shugaba, don Allah ya ba su izini su buga fuskar da yawa, a raba wa banɗakunan sauran cibiyoyi.