Ranar da Na Yi wa Surukata Gwalo

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na fara durƙusawa gaban uwar mijina. Ko na so in manta, dangin miji ba sa barin mutum.

Lokacin ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Malbaza, an sa mana rana da Mahamadu amma ba a ɗaura ba. Sai bikin ƙanwarsa ya taso a Illela, aka ce in zo. Na san ba don amarya aka gayyace ni ba, so ake a ga kamannina. Mahamadu ya riga ya tsegunta mini cewa Hajiyarsu ba ta saki jiki da zancen aurenmu ba, wai 'yan boko idonsu a tsaye yake, ba su san kunyar surukai ba. Saboda haka na yi ta gwajin gaisuwa ni kaɗai a ɗaki: in durƙusa, in sunkuyar da kai, ido a tabarma, murya can ƙasa. (Ni da in na daka wa yara tsawa har masu kabu-kabu a bakin titi sai sun waiwayo.)

Matsalata ɗaya ce, mota. Da na shaƙi warin mai cikina ya fara juyawa. Ƙawata Rabi, wadda za ta raka ni, ta zo mini da ƙwayar hana amai, na haɗiye ɗaya a tasha. Ba mu kai Tsarnawa ba na ji yawu na taruwa a bakina, na ce wannan ƙwaya ba ta da ƙarfi, na ƙara. Da muka kama hanyar Tawa mota ta shiga tsalle, Rabi na ta sharar barci, na ci gaba da ɓallowa ina haɗiyewa. Ni a tunanina magani ɗan aike ne, ka ce masa ciki ya tafi ciki, in ya daɗe ka tura wani ya bi sawunsa.

Na sauka Illela ban yi amai ba, har ina yaba wa kaina dabara.

Bayan la'asar aka ce in shiga in gaida Hajiya. Tana zaune kan tabarma da 'yan'uwanta, gefenta Gwaggo Hassu, yayar mahaifin Mahamadu, wadda ba a yanke komai a gidan sai da ita. Na durƙusa yadda na koya. Na buɗe baki zan ce ina wuni, sai na ji muƙamuƙina ya riƙe. Wuyana ya fara jan kaina baya, a hankali, kamar an ɗaura mini igiya. Na yi iya ƙoƙarina in sunkuya, ya ƙi. Idanuna suka ƙafe sama. Sannan harshena ya zaro kansa waje, zalalo, daidai fuskar Hajiya.



"Subhanallahi," in ji Gwaggo Hassu. "Yarinyag ga na da iska. Ku kirawo Malam."

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Hankalina ɗaya, ina jin kowa, amma jikina ya daina jin maganata. Na ce shanyewar jiki ce ta same ni da ƙuruciyata. Na ce a'a, mutuwa ce, a garin da ba nawa ba, ga harshe a waje ko kalmar shahada ba zan iya ba. Da Malam ya zo ya fara karatu a kunnena, ni kaina na fara yarda da Gwaggo, na shiga tuno duk tsamiyar da na taɓa ratsawa da tsakar rana. Aka turnuƙe ni da hayaƙi, aka goga mini tafarnuwa a hanci, aka sheƙa mini ruwan tofi, kwalliyar da na ɓata safiya a kanta ta gangaro har wuya.

"Kai wa na?" in ji Malam. "Mi kaka so gare ta?"

Na so in ce ni ce, ba kowa, sai wani gurnani ya fito. Mata suka ja da baya. Na ji wata na raɗa cewa Allah ya taimaki Mahamadu da abin ya bayyana tun ba a ɗaura ba. Wannan maganar ta fi hayaƙin sa ni hawaye.

Rabi ce ta buɗe jakata tana kuka za ta ɗauko waya ta kira mahaifiyata, sai ta ci karo da fatar maganin kusan wayam. Ta ɗaga ta ce na kusa shanye shi duka. Gwaggo ta ce ƙwaya ba ta murɗe wuya. Hajiya ta miƙe ta ɗauki mayafinta.

"Malam ya yi nashi. A kai ta likita su ma su yi nasu."

Haka aka ratsa da ni ta tsakiyar 'yan biki, kai a karkace, ina yi wa duk Illela gwalo.

A gidan likita majo, wato ma'aikacin jinya, ya dubi fatar maganin, ya dube ni, ya yi mini allura a jijiya. Yana jiran ta yi aiki ya yi mini karatun da ban roƙa ba.

"Madam, ƙwaya in anka haɗiye ta sai ta narke, ta bi hanji, sannan ta shiga jini. Sa'ad da kike cewa ba ta aiki, tana bisa hanya. Kuma jini ba shi zaɓen gida, ko'ina kai ta shikai, har ƙwaƙwalwa. Can take danne amai, in ta yi yawa kuma ta taɓa wurin da ka juya tsokoki. Hanta da ƙoda ba su gama fidda ta farko ba kinka tara musu sauran."

Bai rufe baki ba na ji wuyana na saki, don allurar jijiya kai tsaye take faɗawa jini. Harshena ya koma gidansa. Abin da na fara yi da shi kuka ne. Na juya na ga Hajiya zaune a kan benci riƙe da takalmana, na rasa ramin da zan shige.

"Ɗiyata, kin ba ni tsoro," ta ce. "Amma aljanin da allura ka fiddawa ba shi hana aure."

Bai hana ba kuwa. Abin da na koya shi ne, in ka sha magani ka ba shi lokaci ya isa, kuma ya san hanyoyin da kai ba ka sani ba a jikinka. Sai dai bayanin majo bai kai kunnen Gwaggo Hassu ba, ita ta tsaya kan cewa karatun Malam ne ya ci a makare. Yanzu 'ya'yana sun yi wayo a gidan, amma har gobe in na yi hamma kusa da ita sai ta janye jikarta ta fara karanta Ayatul Kursiyyu.