Akuyar Oba Makato Ta Ƙi Sauka

Duk wanda ya sauko daga jirgin ruwan safe a tsibirinmu, abin da zai fara gani shi ne tutar da ke kan rufin Oba Makato: shuɗiya, da farar akuya a tsakiya ta sunkuyar da kai za ta yi tunkuyi. Tutar Jam'iyyar Ƙananan Tsibirai ke nan, kuma Oba, wato kaka a yarenmu, ita ce ta rina ta, ta ɗinka ta da hannunta shekara arba'in da ɗaya da suka wuce. Bana shugabanni suka canza alama, suka aiko sakataren jam'iyya ya sauke tsohuwar. Sakataren kuwa jikanta ne, Seiken. Ni Tsuru maƙwabciyarta ce, muna baranda muna yanka ɗanyar gwanda ya shigo da kwali a hammata.

"...lafiya ƙalau, Oba. Au, ashe har yanzu kina nan? Na ɗauka zan tarar ana rabon gado."

"Haƙorana na roba na bar maka, su ma sai ka gyara hali. Wa ya ɗaura maka wannan igiyar a wuya?"

"Kwalliyar ofis ce."

"Mu nan akuya muke ɗaura wa irinta."

"Yauwa, maganar akuyar ce ma ta kawo ni."

Ya buɗe kwalin ya ware sabuwar tuta: fara, da layi uku shuɗɗa a lanƙwashe, da ɗigon rawaya a samansu. Oba ta gyara tabarau.

"Mene ne wannan? Ƙwai a kan taliya?"

"Rana ce a kan teku. Masu zane a babban birni Naha wata uku suna aikinta."

"Wata uku! Tawa kwana biyu na yi, da kai goye a bayana kana tsula mini fitsari."

"Ai ga alama nan. Baƙi suna tambaya ko kare ne. Wani ma ya ce kujera ce mai gemu."

"Kai ma ranar da aka haife ka ungozoma ta tambaya ko jemage ne. Mun mayar da kai?"

"Oba, matasa jam'iyyar farfesu suke kiranmu. Wace jam'iyya ce a duniya take yanka alamarta ta cinye duk ranar da ta ci zaɓe?"

"Tun da ka zama sakatare ai akuyoyi har munshari suke yi. Shekara takwas ba a yanka ko ɗaya ba. Kullum addu'a suke maka ka daɗe a kujerar."

Na ƙyalƙyale da dariya har wuƙa ta suɓuce mini. Seiken bai yi ba. Ya zauna a bakin baranda ya sassauta murya.

"Kujera ɗaya ta rage mana a majalisa. Babbar jam'iyya ta ce za ta mara mana baya, amma da sharaɗi: ban da akuya. Shugaba ya ce in ban kai masa tutar nan kafin taron Lahadi ba, in ajiye makullin ofis."

Oba ta ture faranti gefe.

"Ka san abin da ya sa akuya ce?"

"Na ji sau dubu."

"To ji na dubu da ɗaya. Ranar da suka zo da sandunan awo za su ƙwace filin kiwonmu su gina otal, mazan garin nan, har da kakanka, tsayawa suka yi suna rusuna musu. Akuyata ce ta fara. Ta samu mai awo ta baya, sai ga shi a gonar rake ƙafafu sama. Nan maza suka tuna suna da baki. Kwana saba'in muka zauna a filin nan, ruwa da rana. Yau mai son ƙuri'armu ne zai ce warinta ya dame shi?"

"Ba jefar da ita za a yi ba. A cikin gilashi za a sa ta a ofis, da sunanki a ƙasa."

"Ni ma ku sa ni a ciki, ku rubuta: kar a taɓa, tana cizo."

"Da haƙoran nawa na gado? Oba, in kin ƙi zan hau da kaina."

"Hau mana, tsani na bayan ɗaki. Amma tukuna. Tsuru, nuna masa."

Na jawo kwandon da ke ƙarƙashin benci na yaye buhun da muka rufa. Ɗankwalaye ne shuɗɗa jere, kowanne da farar akuya a goshi.

"Mu arba'in da shida ne," in ji Oba, "ƙaramarmu shekararta saba'in da ɗaya. Ranar Lahadi sahun gaba za mu zauna. Ka ce wa shugaban naka ya zo ya tuge mana ɗaya bayan ɗaya a gaban masu ɗaukar hoto. Ya fara da na uwarsa."

"Har da uwar shugaba?"

"Ita ta sayo zaren."

Seiken ya dafe kai. Kafaɗunsa suka soma rawa, can dariya ta ƙwace masa har da hawaye.

"Shi ke nan. Sai in ce musu tsani ya karye."

"Kar ka yi wa tsanina sharri. Ka ce na ƙi. Ka faɗi sunana da ƙarfi yadda na baya za su ji."

"In suka kore ni fa?"

"Sai ka dawo kiwo. Ko ba komai ka san wadda kake wa wakilci."

"Kin ci, tsohuwa. Ba ni ɗaya."

"Wannan ƙaton kan naka mai kama da kabewa? Sai dai a haɗa maka biyu. Durƙuso."

Ya durƙusa. Ta ɗaura masa da kanta, ta ja ƙullin har ya yi ƙara.

Ranar Lahadi mu arba'in da bakwai ne a sahun gaba, ɗaya da gashin baki. Har aka tashi taro ba wanda ya tambaye shi makulli.