Kiran Sallar da Na Lulluɓe da Bargo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kunna wa mutanen ƙauyenmu wani kaset ba. Har yau in na tuna sai na sunkuyar da kai.

Da aka ce mu tashi saboda ruwan madatsar Tiga zai cinye garin, Mai Gari ya kira ni. Ni kaɗai ke da rikoda, kuma na ɗan zauna a shagon wani mai gyaran rediyo a Kano (shara nake yi masa, amma a gida Injiniya ake ce mini, ban kuma taɓa hanawa ba). Mai Gari ya ce, "Ka ɗaukar mana kiran sallar Baba Ladan, mu tafi da shi."

Akwai wani dutse a bayan masallacinmu. In Baba ya ce "Allahu Akbar", sai dutsen ya maido masa da ita a hankali. Ni kuwa na ji a Kano cewa amsa-kuwwa ɓata sauti take yi. Sai na hana tsohon tsayawa inda ya saba. Na shigar da shi ɗaki, na toshe ƙofa da taga da barguna, na sa aka kore kaji, na aika a ce wa mata su dakatar da daka. Baba yana gumi ya ce, "Ɗana, a nan zan kira?"

Na ce, "Baba, bar mini, aikina ne."

Ba mu daɗe da tarewa a sabon matsuguni ba Allah ya yi masa rasuwa. Ranar sadakar bakwai Mai Gari ya ce in kunna. Na gyara hula, na danna.

Murya ta fito tsaf, amma a bushe, kamar mai kira daga cikin akwati. Da ya yi kabbara, jama'a suka yi tsit suna jiran dutse ya amsa. Shiru.

Can matar Baba ta ce daga bayan zana, "Muryar Malam ce kam. To ina garin?"

Ba wanda ya zage ni, da ma zagin aka yi da ya fi mini sauƙi. Dutsen kuma ruwa ya riga ya rufe shi.

Tun daga ranar, kafin in kira wani abu hayaniya, sai na tambayi waɗanda suka girma suna jin sa.