Yadda Ake Rufe Bakin Uwar Miji Da Kaza Da Co-co

'Yar'uwa, uwar mijinki ta sauka London daga Kumasi don an kai mata labarin burodi kawai kike ba ɗanta? Ta ce in ta ga gaskiya ne za ta koma da shi? Share hawayenki. Ni Katumi ta Thamesmead na bi matakan nan a 1991, kuma har yau mijina Osmanu yana hannuna.

1. Ki yi alkawari

Da ta ce tana marmarin miyan taushe, ki ce, "An gama, Mma." Kada ki nuna ba ki san inda ake sayar da kabewa a garin nan ba. Ai bakin da ya yi alkawari ba shi zai shiga bas ba.

2. Ki sayi abin da kika samu

A kasuwar Woolwich akwai wani abu kore mai kama da ɗanyar gwanda, 'yan Jamaika na ce masa co-co. Ki tambayi mai rumfa ko dangin kabewa ne. Zai ce e. Ki ɗauki shida kafin ya sake tunani. Wajen feraya zai bar miki danƙo a hannu kwana biyu. Wannan shaidar wahala ce, ki riƙa nuna ta.

3. Ki dafa kaza irin ta gida

Uwata ta koya mini kaza sai ta yi awa biyu a wuta. Kazar gida take nufi, wadda ta yi tsere da shaho. Kazar Ingila ko tafiya ba ta taɓa yi ba. Duk da haka ki ba ta awa biyunta, tarbiyya ai ba a barinta a filin jirgi.

4. Ki buɗe tukunya da bismilla

A ƙa'ida kabewa ke narkewa, nama ya tsaya. A nan kazar ce ta narke ta bi ruwa, co-co kuwa yana zaune daram, ko gezau. Nan na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Osmanu ya leƙo ya ce, "In yi mana booking a gidan abinci ne?" Ki kore shi. Ki zuba gyaɗa da attaruhu, ki tsame ƙashi, ki kai.

5. Ki yi shiru

Uwar mijina, Hajiya Damata, ta kai loma ɗaya, ta biyu, ta ajiye hannu. Na ce a raina, shi ke nan, aure ya mutu.

Sai ta ce, "Wa ya gaya miki?"

"Me, Mma?"

Ta buɗe baki ta nuna mini. Turamen haƙori babu ko ɗaya. "Shekara huɗu ban ci nama ba. Tsotsa nake, in ɓoye a gefen kwano don kar yara su gani. Ke kaɗai kika lura. Ƙaro mini, 'yata."

Ki sunkuyar da kai. Kada ki kuskura ki gyara mata zance.

Gargaɗi

Abin da ya biyo baya ba ruwana. Tawa ta yi shelar miyar a masallacin Regent's Park ranar Juma'a, yanzu tsofaffi biyar ke biyo ta gida. Wata ɗaya ta zo yi, ga mu a shekara ta shida. Ɗan kuwa ta bar mini shi, don ita ma ta ce ba inda za ta.